Jinin ɗa daga gida biyu yake fitowa

A cikin rangadin da muke yi na makarantun yaƙi da jahilci, akwai wani aiki da mukan ba ɗalibai idan hannunsu ya fara sabawa da rubutu. Mukan ce kowa ya buɗe kayensa ya rubuta sunansa, sa'annan ya rubuta sunayen waɗanda suka haife shi, ya yi ta hawa sama har inda saninsa ya tsaya. Aiki ne mai daɗi, domin babu wanda ba ya son ganin sunan kakansa a kan takarda. Maza sukan kai kaka na 4 ko na 5 ba su yi tuntuɓe ba: wane ɗan wane, ɗan wane, wanda ya taso daga Gobir ko daga Katsina ya sari daji ya kafa gari. Amma idan muka ce, to mahaifiyar kakanka fa, mi ne ne sunanta, ɗiyar wa ce, sai aji ya yi tsit. Idan muka ƙara da cewa, yara nawa kakarka ta haifa, nawa suka rayu, mi ya kashe sauran, sai a ce mana wannan ai zancen tsofaffin mata ne.

Salsalar da muka haddace, ta gadon gona ce, da sarauta, da sanin waliyyin yarinya ranar ɗaurin aure. Shi ya sa take bin maza, kuma ba mu da ja a kan haka. Amma akwai wani gado wanda alƙali ba ya rabawa, shi ne gadon da ke cikin jini. Shi wannan, rabi daga uba yake zuwa, rabi daga uwa, babu wanda ya fi wani kaso. Salsalar da ta bar mata a waje, ta kuma manta da yaran da suka rasu, ba za ta faɗa mana kome ba game da lafiyar gidanmu. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya kamata ya rubuta salsala ta biyu, wadda mata da mamata ke ciki.

Ga abin da ya sa muka ɗauki maganar da zafi. A wani ajin mata cikin jahar Maraɗi, mun tarar da wata ɗaliba da ta haura shekara 40. A gidanta na fari ta haifi yara 6. Uku sun rasu ba su kai shekara 5 ba, kuma duka hanya ɗaya suka bi: kumburin hannu da ƙafa tun suna goyo, idanu su yi ɗorawa, kuka dare da rana idan ɗari ya shigo. Aka ce mai wabi ce. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka sa ma na ƙarshe suna Ajuji ko ya tsaya, bai tsaya ba. Daga baya uwar miji ta ce jinin matar ne ba shi da kyau, aka ba ta takardarta. Shekara da shekaru tana ɗauke da wannan magana a zuci. Da muka zana danginta a allo, sai ta tuna wani kawunta da ya rasu yana saurayi, wanda kullum ake ce yana da amosani. Muka ce ta zana na mijin, tun da ta zauna cikinsu. Sai ga ƙanwar mijin, wadda duk hunturu take kwanciya da ciwon ƙashi, ta kuma rasu wurin haihuwar fari. Matar ta daɗe tana duban allo, kana ta ce: "Malam, ashe ba ni kaɗai ba ce."

Abin da muka kasa yi ma kanmu, makiyayi ya daɗe yana yi ma dabbobinsa. Ku zauna da Bafulatani a bakin rijiya wajen Dakoro ko Abalak, ku nuna mashi saniya ɗaya cikin garke. Zai faɗa maku uwarta, da uwar uwarta, da bijimin da aka same ta da shi, da wadda ke da nono cikinsu da wadda ke da faɗa. Wurin Woɗaɓe ma, maraƙa sunan uwarta take ɗauka. A tashar kiwo ta Tukunus, cikin ƙasar Filinge, inda ake kiwon shanun Azawak, a littafi ake rubuta wannan duka. Matanmu masu jar akuya su ma sun san aikinsu. Ba kowane bunsuru suke yarda da shi ba. Idan kuwa jar akuya da jan bunsuru suka haifi baƙin ɗa, ba mu taɓa ganin an kori akuyar daga gida ba. Cewa ake yi, baƙin yana cikin irin.

Mutumin da ya fara gane yadda abu ke ɓoyewa cikin iri, shi ma a lambu ya gane shi. Sunansa Giregor Mandel, wani malamin addinin Kirista a garin Burno, cikin ƙasar da ake ce ma Cek yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin wake na ƙasar Turai yana ƙirgawa. Ya haɗa mai dogon kara da mai gajeren kara ta hanyar garin fure. Abin da ya tsiro duka dogo ne, kamar gajeren ya ɓace. Sai ya bar waɗannan dogaye suka yi iri, ya sake shukawa. Cikin tushe 1064, sai 787 suka fito dogaye, 277 gajeru. Wato kusan 1 cikin 4. Gajartar ba ta mutu ba, laɓewa ta yi tsawon shuka ɗaya. Ya bayyana aikinsa a 1865, mutane ba su kula ba sai a 1900, bayan ya rasu.

Ga ma'anar abin. Irin wannan hali na jiki da ake gado, ƙwayoyin gado 2 ke riƙe da shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwaya mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce takan nuna kanta. Wata kuma mai laɓewa ce, ba ta fitowa fili sai ta gamu da ƴar uwarta daga ɗaya gidan. Shi ya sa wani lokaci akan dubi yaro a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, alhali kuwa ta yi. Halin kaka ne ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa.

Ciwon da ya kashe yaran ɗalibarmu, alamunsa na amosanin jini ne, wanda wasu ke ce ma emasi, wasu sikila. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu taushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wuya, kuma kowace takan yi kamar kwana 120 tana aiki. Na mai emasi sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe hanya, sai ciwo ya tashi a ƙashi, ko a ciki, ko a ƙirji. Ba su wuce kwana 20 sun mutu, shi ne ke kawo ƙarancin jini da ɗorawar ido. Jariri yakan fito lafiya lau, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi. Sai wajen wata 5 ko 6 abin ke fara nunawa.

Likitoci da harufa 2 suke rubuta wannan gado, kuma harufa ne da kowane ɗalibinmu ya sani. A ita ce ƙwayar da aka saba, S ita ce mai lauje. Mai AA ba shi da kome. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana dako, mace tana haihuwa, amma yana ɗauke da iri. Mai SS shi ne marar lafiya. Ku duba da kyau: S biyu ne. Ɗaya daga uwa, ɗayar kuma ba ta da inda za ta fito sai wurin uba. Akwai kuma harafi na uku, C, wanda ya fi yawa wajen Burkina Faso da arewacin Gana. Idan ya haɗu da S shi ma yana kawo ciwo, ko da yake sau da yawa bai kai na SS tsanani ba.

Ta bin dangi aka tabbatar da wannan. A 1949 wani likitan Amurka, Jems Nil, ya auna jinin uwaye 42 na marasa lafiya 29. Duka, maza da mata, ya tarar suna ɗauke da S. Wani likitan Gana kuma, Feliks Konotey-Ahulu, ya zauna da tsofaffin gidansu, ya bi sawun wannan ciwo cikin danginsa suna bayan suna har zuwa shekarar 1670. Ba da wata na'ura ya fara ba. Tambaya ya yi, ya rubuta.

Kada wani ya ɗauka S la'ana ce da ta sauka a kan wasu gidaje. A ƙasashenmu na yammacin Afirka, a wurare da yawa, mutum 1 cikin 4 ko cikin 5 yana ɗauke da ita. Dalilin yawanta kuwa, tun 1954 wani mai bincike, Antoni Alison, ya nuna a gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi jure ma masassarar cizon sauro mai tsanani. Wato irin da ke kashe yaro idan ya zo biyu, shi ne ya tsirar da kakanninmu da yawa da ya zo ɗaya. Amma wannan ba dalilin barin sange ba ne, mai AS ma masassara tana kama shi.

A aji, da goro muke nuna lissafin. Mukan aje ƙwarya 2, ɗaya uba, ɗaya uwa. Cikin kowace mu sa farin goro ɗaya da jan goro ɗaya. Fari shi ne A, ja shi ne S. Ɗalibi ya rufe ido, ya ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Wannan ciki ɗaya ke nan. A rubuta a allo, a maida goro, a sake. Idan aka yi sau 100, ja da ja zai fito kusan sau 25, fari da fari kusan sau 25, sauran kuma gauraye. Amma abin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne, goro ba ya tuna abin da ya fito ɗazu. Wani ya ɗauka sau 5 bai ga ja biyu ba, wani sau 3 a jere ja biyu. Saboda haka kuskure ne a ce, tun da na fari ya zo da ciwo, uku na bayansa sun tsira. Kowane ciki da nasa rabo. Sa'annan mukan cire jan goro daga ƙwarya ɗaya mu sa fari. Wato AS ya auri AA. A yi ta ɗauka har magariba, ja biyu ba zai fito ba.

Wannan ya warware mana wani abu da ke raba gidaje masu mata 2 ko 3. Yaran uwargida lafiya lau, na amarya suna ta ciwo, sai kowa ya ce ga mai laifi nan a fili. A'a. Maigida yana ɗauke da S, amarya tana ɗauke da S, uwargida kuma wataƙila AA ce, ko kuma sa'a ta yi. Da amaryar ta auri mai AA, da ba ta binne ko ɗaya ba saboda wannan ciwo. Idan an sake ta an kawo wata, an bar ƙwarya ɗaya da jan goronta a cikin gida.

To, yaya ake zana takardar? Ku ɗauki tsakiyar kaye inda shafi 2 ke haɗe, domin dangi suna da faɗi. Namiji a yi mashi ɗan akwati mai kusurwa 4, mace a yi mata ɗan zobe. Haka likitocin duniya duka suke yi, saboda haka kowane ma'aikacin lafiya zai iya karanta taku. Miji da mata a haɗa su da layi a kwance. Idan auren zumunci ne, layin ya zama biyu. Daga tsakiyar layin a sauko ƙasa a jera yara, babba a hagu, auta a dama. Kowace mata da nata layi da nata yara, har da wadda ta fita. Wanda ke da ciwon da ake bi, a cike akwatinsa ko zobenta da baƙi. Wanda ya rasu a ja mashi layi a karkace, a rubuta shekarunsa da abin da aka gani a jikinsa: kumburi, ko zawo, ko ƙyanda, ko zubar jini. Kakanni a sama, uwaye a tsakiya, yara a ƙasa. Hawa 3 sun isa a fara.

Wahalar ba a zane take ba, a tambaya take. Sanin yana wurin kaka da gwaggo da inna, su da suka yi wankan jego suka yi jinya. Ku sani akwai kunya, uwa ba ta son faɗin sunan ɗan fari, akwai kuma baƙin cikin da aka binne da daɗewa. Kada a je masu kamar mai ƙidayar haraji. A zauna da dare bayan tuwo, a bar tsohuwa ta bi zancen yadda take so, gobe a koma. Abin da ba a sani ba a sa alamar tambaya. Kada a cike gurbi da zato. Ba kowane wabi ne emasi ba: masassara, da ƙyanda, da tamowa, da ruwa marar tsabta sun kashe yara fiye da shi.

Idan takarda ta cika, za ku ga ba kowane gado ke tafiya iri ɗaya ba. Cindo, wato yatsa na 6, galibi ba ya laɓewa. Kaka yana da shi, uba yana da shi, jika yana da shi, kuma ba ya cutar kowa. Zabiya kuwa hanyar emasi take bi. Uwaye baƙaƙe su haifi farin ɗa, domin su biyun suna ɗauke da irin. Ba aikin aljanu ba ne, ba kuma abin zargin mace ba. Abin da yaron ke bukata shi ne malafa, da riga mai dogon hannu saboda rana tana lalata mashi fata, da zama gaban aji saboda raunin ido.

Akwai na uku, wanda ya kamata wanzamai su sani. Shi ne ciwon rashin tsayawar jini, likitoci suna ce mashi emofili. Maza yake kamawa, amma ta wajen uwa yake zuwa masu. Gidan da ya fi shahara da shi, gidan sarauta ne. Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta rasu a 1901, ta haifi yara 9. Ɗanta Liyofol yana da ciwon, ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya faɗi. Ɗiyanta mata 2, Alis da Biyatiris, lafiyarsu ƙalau, amma sun kai irin gidajen sarautar Jamus da Rasha da Sifen, har ya fito ga ɗan sarkin Rasha da aka haifa a 1904. Mun kawo su ne domin salsalarsu a rubuce take, kowa yana iya bin sawun. A nan gida, ga amfanin labarin. Idan ƴan uwan uwa maza, wato kawunnan yaro, akwai wanda jini ya ƙi tsaya mashi wurin kaciya ko wurin cire haƙori, to kada aska ta taɓa yaron sai an faɗa ma likita. Wannan labari ba ya cikin salsalar maza. Ita uwar kuma ba ta zaɓa ba, gado ta yi kamar kowa.

Yanzu sai mu ja kunne, domin takardar nan tana iya ruɗin mutum. Ba duk abin da ya yawaita a gida ɗaya ne gado ba. Mutanen gida rijiya ɗaya suke sha, tukunya ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana. Tarin fuka ɗauka ake yi. Maƙoƙo yawanci rashin sinadarin iyod ne cikin abinci, shi ya sa ake sa shi cikin gishiri. Babban misali shi ne kuturta. Idan ana binciken aure a ƙasarmu, ita ake fara tambaya, kuma gidaje da yawa sun rasa surukai saboda wani kaka kuturu. Likitocin ƙasar Norwe ma haka suka ɗauka da farko, da suka ga tana bin dangi. Sai a 1873 ɗaya daga cikinsu, Hansen, ya ga ƙwayar cutar da idonsa a madubin likita. Kuturta ba ta cikin jinin gado. Tana da magani na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Ashe binciken aure muna yin sa tun kaka da kakanni, tambayoyin ne ba su dace ba. Muna gudun abin da ba a gado, muna rungumar wanda ake gado.

Mun san za a ce, wannan malami so yake ya hana auren zumunci. Ba haka ba ne. Auren gida yana riƙe gona, yana riƙe zumunta, yarinya kuma tana zaune cikin waɗanda suka san mutuncinta. Amma gaskiya ɗaya ce. Ɗan wa da ɗiyar ƙane kakanni ɗaya gare su, kashi 1 cikin 8 na gadon jininsu iri ɗaya ne. Idan akwai wani abu da ba a cika samu ba laɓe wurin kakan, kamar wata kurumta ta haihuwa, hanyarsa ta gamuwa da kansa ta fi sauƙi. Makiyayi ya san haka, shi ya sa yake sauya bunsuru. Game da emasi kuwa, gudun ɗan gida ba ya isa, tun da baren da ya zo daga wata ƙasa shi ma yana iya zama AS. Saboda haka tambayar ɗan gida ne ko bare ba ita ce ta fari ba. Ta fari ita ce, an yi awon jini?

Domin takardar salsala nuni kawai take yi, awo ne ke yanke magana. Awon iri 2 ne. Na farko, wanda ake ce ma awon Emel, yana faɗin ko akwai S, amma ba ya raba AS da SS. Na biyu, elektroforez, shi ke ba da harufan duka. Sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, domin harufan ba su sauyawa, sai dai kada a yi shi jim kaɗan bayan ƙarin jini. A Yamai akwai cibiya ta ƙasa da ke kula da wannan ciwo kaɗai, kuma ma'aikacin lafiya na garinku zai faɗa maku wuri mafi kusa da ake yin awon. Idan sakamakon uba da na ɗa suka ƙi haɗuwa, kada a yi saurin zargin kowa. Awo yakan yi kuskure, akwai kuma wasu ire-iren jini da ƙaramin awo ba ya gani. A koma wurin likita a sake. Maƙwabtanmu na jihar Kano sun kafa doka a 2024 ta wajabta awo kafin aure. Mu a ganinmu doka ba ta kai inda ɗakin awo bai kai ba. Amma kaye da alƙalami suna ko'ina, kuma su ne za su nuna ma talaka wanda ya fi cancanta a kashe ma kuɗin mota.

Lokacin awo kuma shi ne kafin a raba goro, tun magana tana tsakanin manya 2 ko 3. Idan an sa rana, an ɗinka kaya, babu mai son jin harafi. Idan duka biyun AS ne, shawara tasu ce da uwayensu, ba ta malamin makaranta ba. Abin da muke so shi ne su san lissafin goron nan. Idan sun ci gaba, a auna kowane jariri da wuri. Yaro mai SS ba gawa ba ne. Da rigakafi cikakke, da ƙwayar penisilin ta kullum tun yana ƙarami, da shan ruwa da yawa, da sutura lokacin ɗari, da sange, da gudu zuwa gidan likita duk ran da jiki ya yi zafi, da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aure. Akwai kuma maganin da ake kira hidiroksiyure, wanda ke rage tashin ciwon, likita ne ke rubuta shi.

Tsoronmu ɗaya ne, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Muna tsoron takardar da muka ce a rubuta don a wanke mata ta koma sandar dukansu. Mun fara jin inda dangin ango ke cewa a kawo sakamakon yarinya, nasu ɗan kuwa ba a tambaya. Wannan tsohon zalunci ne ya sa sabuwar riga. Takarda 2 za a aje a kan tabarma, ko kuwa kada a aje ko ɗaya. Yarinya mai AS ba ta da aibi, mai AA ya aure ta hankali kwance. Wanda ya ce ba ya haɗa jini da masu S, ya shirya ƙin kashi 1 cikin 4 na garinsu, wataƙila har da kansa. Salsalar lafiya kuma ba ta maroƙi ba ce. A cikin akwati take zama tare da karnen awon yara, ba a karanta ta a kasuwa ko a bakin rijiya.

Ɗalibar nan tamu tana da ɗa namiji da ya rayu daga gidanta na fari, ƙaƙƙarfan saurayi, bai taɓa kwanciya ba. Mun faɗa mata cewa lafiyayyen da ƴan uwansa suka yi emasi, sau 2 cikin 3 yana ɗauke da S. Dangin uban sun riga sun yi mashi maganar ɗiyar baffansa. Ta kwafe zanen daga allo zuwa kayenta da hannunta, ta saida akuya ɗaya, ta kai shi awo. AS ya fito. Ta aika ma tsohon mijinta da takardar ta hannun ƙanenta, domin ita ba ta shiga gidan. Baffan ya fara cewa ba a taɓa yin haka a gidansu ba. Daga baya ya ce a bari sai kaka, idan ya saida wake, zai kai yarinyar Maraɗi. Ba a raba goro ba tukuna. Rangadinmu na gaba zai bi ta garin bayan an ɗaure gero.